Ma'anar "catcher" a wasan besbol, da labarin Connie Mack, mai cafen da ya yi shekara 50 yana manaja

Duk wanda ya taɓa cin karo da wasan besbol a talabijin, ko a wani guntun bidiyo a waya, zai lura da mutum guda da ya fita daban a filin. Kowa yana tsaye, shi yana tsugune. Fuskarsa na cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa da sulke, ƙwaurinsa a rufe har gwiwa, hannunsa ɗaya kuma cikin wata safar fata mai kauri, faɗinta kamar ƙaramin faifai. A gabansa mai riƙe da kulki ne, a bayansa alƙalin wasa ya duƙa yana leƙe ta saman kafaɗarsa. Wannan mutumin shi Amurkawa ke kira "catcher". Kalmar ta fito ne daga aikatau na Turanci mai nufin cafe abin da aka jefo, saboda haka da Hausa sai mu ce mai cafe.

Sunan ya faɗi gaskiya, amma bai faɗi ko rabin aikin ba.

Mai kallon ƙwallon ƙafa zai yi saurin cewa ai gola ne. Akwai kama, tunda shi ma yana sa safar hannu, kuma shi ke tsare wurin da ake cin maki. Sai dai gola yana jiran abin da abokin gaba zai bugo masa ne, bai san ta ina zai zo ba. Mai cafe kuwa ɗan ƙungiyarsu ne ke jefo masa ƙwallon, kuma yawanci shi da kansa ya zaɓi irin jifan tun kafin ƙwallon ta bar hannu.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙungiya tana da mutum tara a fili. Mai jifa yana tsaye kan wani ɗan tudu, tsakaninsa da wani farin faranti mai kusurwa biyar da ke shimfiɗe a ƙasa ƙafa 60 da inci 6 ne, wato kusan mita 18 da rabi. Wannan farantin shi ake kira gida. Mai bugu na ɗaya ƙungiyar yana tsaye a gefensa da kulki. Idan ya sami ƙwallon ya maka, sai ya ruga ya zagaye zango uku ya dawo gida, a rubuta musu maki ɗaya. Idan kuwa ƙwallo mai kyau ta wuce shi ko ya kai bugu ya kuskure har sau uku, ya fita. Duk ƙwallon da ta wuce mai bugu, a hannun mai cafe take sauka, kuma a manyan ƙungiyoyin yau gudunta kan kai kilomita 150 a sa'a guda. Haka zai yi ta tsugunawa yana miƙewa wajen sau 150 a wasa ɗaya, a kakar da ake buga wasa 162.

Kafin kowane jifa, sai mai cafe ya sa hannunsa na dama tsakanin cinyoyinsa, inda abokan gaba ba za su gani ba, ya miƙa yatsu. Bisa al'ada yatsa ɗaya na nufin a jefo mai gudu miƙe, biyu na nufin mai lanƙwasa. Sannan ya ɗora safar a daidai inda yake son ƙwallon ta faɗa, ciki ko waje, sama ko ƙasa. Kafin ya zaɓa dole ya san mai bugun nan, abin da yake so da abin da ke ba shi wahala, da abin da aka jefa masa ɗazu. Dole ya san nasa mai jifan, ko hannunsa ya fara gajiya, ko ransa ya ɓaci. Kuma cikin mutum taran nan shi kaɗai ne fuskarsa ke kallon filin gaba ɗaya. Sauran takwas shi suke kallo. Daga 2022 an yarda a yi amfani da wata 'yar na'ura mai suna PitchCom, mai cafe ya danna maɓalli, mai jifa ya ji saƙon a cikin hularsa. Abin da ya ƙara ingiza wannan shi ne abin kunyar ƙungiyar Houston Astros, waɗanda aka gano daga baya cewa a kakar 2017 sun riƙa satar alamun yatsu da kyamara, suna buga kwandon shara don sanar da mai bugunsu abin da ke tafe. Yatsu sun ragu, amma tunanin yana nan a wurin mai tsugunen.

A farkon wasan babu ko ɗaya daga cikin kayan kariyar nan. Lokacin da ƙungiyar Cincinnati ta zama ta farko da ke biyan duk 'yan wasanta albashi a 1869, mai cafe da hannu tsirara yake aiki. Yakan tsaya can baya ya jira ƙwallon ta doki ƙasa ta taso, sai in akwai abokin gaba a kan zango yake matsowa kusa, ya ba da fuskarsa da yatsunsa. Ragar fuska wani ɗalibin jami'ar Harvard mai suna Fred Thayer ya ƙirƙiro ta, abokin wasansa James Tyng ya fara sa ta a 1877. Da aka halatta jifa ta saman kafaɗa a 1884, gudun ƙwallo ya ƙaru, sai sulken ƙirji da safa mai kauri suka zama tilas. Makarin ƙwauri ya zo a makare: Roger Bresnahan na New York Giants ya fito da shi a 1907, ya kwaikwayo daga wasan kurket, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu wai ragon namiji ne.

Wanda yake son ya san kuɗin da aka biya kafin a kai nan, ya nemi hoton hannun Deacon McGuire, wanda ya buga kaka 26 a manyan rukunai, wato manyan lig na besbol a Amurka. A farkon shekarun 1900 jaridu sun buga hoton ƙashin hannunsa na hagu. Yatsun sun karkace kamar saiwar bishiya, kowace gaɓa da ƙullutu, saboda karaya a kan karaya. Ana ba da labarin cewa yakan cusa yankin ɗanyen nama cikin safarsa don rage zafin dukan. Akwai kuma Moses Fleetwood Walker, baƙar fata da ya yi wa ƙungiyar Toledo cafe a 1884. Babban mai jifansu, Tony Mullane, ya amsa da bakinsa daga baya cewa bai taɓa aiki da mai cafe kamar Walker ba, amma don ƙin launinsa yakan yi watsi da alamunsa ya jefa abin da ya ga dama. A tsaya a yi tunani: mutum a tsugune, yana jiran ƙwallo ta hagu, nasa ya jefo ta dama da gangan. Bayan wannan kakar aka rufe wa baƙaƙe ƙofar manyan rukunai har zuwan Jackie Robinson a 1947.

Cikin wannan zamani na karyayyun yatsu Connie Mack ya taso. Sunansa na yanka Cornelius McGillicuddy, an haife shi ranar 22 ga Disamba 1862 a East Brookfield ta jihar Massachusetts, iyayensa baƙi ne daga Ireland. Bai yi nisa a makaranta ba ya shiga aikin masana'antar takalma. Dogo ne siriri, kuma bai iya bugu sosai ba. Abin da ya kai shi ƙungiyar Washington a 1886 shi ne kansa. Yana cikin masu cafen farko da suka riƙa tsugunawa dab da bayan mai bugu. Yakan ja mai bugu da hira don ya raba masa hankali, yakan taɓa kulkin da gefen safa a daidai lokacin bugu sannan ya ba da haƙuri. A lokacin, idan ƙwallo ta ɗan gogi kulki mai cafe ya cafe ta, mai bugu ya fita nan take. Mack ya ƙware wajen kwaikwayon ƙarar wannan gogar har alƙali ya ruɗe, daga baya aka sauya dokar. Wannan ha'inci ne, ba na wanke shi, ko da yake ya zama ruwan dare a wasan wancan zamani. Abin da yake nunawa dai shi ne yadda mutumin ke karanta mai bugu da alƙali a lokaci guda.

A 1890 'yan wasa suka yi wa masu ƙungiyoyi bore kan albashi da dokar da ke ɗaure su ga ƙungiya ɗaya, suka kafa rukunin kansu. Mack ya bi su zuwa Buffalo, ya zuba duk ajiyarsa, dala 500. Rukunin ya rushe bayan kaka ɗaya, kuɗin suka tafi. Ya koma Pittsburgh, inda a 1894 aka ba shi jagorancin ƙungiyar alhali yana ci gaba da cafe.

Nan wata kalmar ta shigo. A besbol, wanda muke kira koci a ƙwallon ƙafa shi ake kira manaja. Shi ke jera masu bugu, shi ke cewa a cire mai jifa a sa wani, kuma bisa al'ada yana sa rigar wasa mai lamba kamar yaransa. A da, ana yawan haɗa wa mutum ɗaya wasa da manajanci, ko don a rage albashi ɗaya. Na ƙarshe da ya yi haka a manyan rukunai shi ne Pete Rose a 1986. Kuma har yau idan aka duba manajoji za a tarar tsofaffin masu cafe sun fi kowa yawa. Joe Torre, Mike Scioscia, Joe Girardi da Bruce Bochy duk sun tsuguna a bayan faranti kafin su ci kofin duniya daga benci, wato World Series, gasar ƙarshen kaka da ake fitar da zakaran manyan rukunai. Ni ban ga abin mamaki a ciki ba. Wanda ya yi shekara goma yana yanke shawara sau ɗari da wani abu a kowace rana, yana lallashin mai jifa, yana zaman lafiya da alƙalin da ke numfashi a ƙeyarsa, ai ya gama koyon aikin tun kafin a ba shi.

Pittsburgh ta sallami Mack bayan kakar 1896. Ya yi shekara huɗu yana riƙe da Milwaukee a ƙaramin rukuni, sannan da aka kafa rukunin American League a 1901 aka ba shi sabuwar ƙungiyar Philadelphia Athletics, shi manaja kuma mai hannun jari tare da Ben Shibe, attajirin kayan wasanni. Bai tashi daga wannan kujerar ba sai 1950. Kaka 50 cur.

Shi bai sa rigar wasa ba. Kwat da wuyan riga mai sitaci da laktaye da hula, haka yake zama a benci, bayansa a miƙe, da katin rubuta maki a hannu. Idan sabon mai bugu ya fito, sai ya ɗaga katin ya kaɗa shi hagu ko dama, ɗan wasan da ke can ƙarshen fili ya matsa taku kaɗan, kuma sau da yawa nan ƙwallon ke faɗowa. Aikin mai cafe ne dai yake yi, kati ya maye gurbin yatsu. Ba ya zagi, ba ya shan giya, ba ya tsawata wa ɗan wasa a gaban jama'a. Yaransa Mista Mack suke ce masa.

Misalin da na fi so shi ne wasan farko na gasar kofin duniya ta 1929 da Chicago Cubs. Yana da Lefty Grove, gwanin masu jifa na zamanin, amma ya ajiye shi ya sa Howard Ehmke, mai shekara 35 da kowa ke ganin ya gama yayi. Makonni kafin nan Mack ya bar shi a baya don ya riƙa zuwa kallon wasannin Cubs yana nazarin masu bugunsu. Ehmke ya yi ta jefa musu ƙwallo a hankali, mai lanƙwasa, ya fitar da 13 daga cikinsu da jifa, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, Athletics suka ci 3 da 1.

Ya ci kambun rukuninsa sau tara, kofin duniya sau biyar: 1910, 1911, 1913, 1929 da 1930. Ya ci wasa 3,731, an ci shi 3,948, kuma duka biyun babu manajan da ya kai su. Dalilin yawan faɗuwar yana cikin aljihunsa. Ba shi da wata sana'a sai ƙungiyar, saboda haka duk lokacin da kuɗin ƙofa suka ja baya sai ya sayar da gwanayensa. Ya yi haka bayan 1914, da wani sabon rukuni ya tayar da farashin 'yan wasa, ƙungiyar ta kwana a ƙarshen tebur shekara bakwai a jere. A 1916 wasa 36 kawai ta ci, aka ci ta 117. Ya sake yi a lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, har da mai cafensa Mickey Cochrane, wanda Detroit ta saya dala 100,000 ta naɗa shi manaja mai wasa, ya kuwa kai su kofin duniya a 1935. Yana yi mini nauyi cewa mutumin da ya rasa ajiyarsa wajen neman 'yancin 'yan wasa shi ne ya zo yana sayar da su. Haka kuma har ya sauka daga manajanci, shekara uku bayan zuwan Robinson, babu baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyarsa.

Da yake shi ne mai rinjayen jari, babu mai ikon ce masa ya huta. A shekarunsa na ƙarshe yakan yi gyangyaɗi a benci, wani lokacin ya kira sunan ɗan wasan da ya daɗe da barin ƙungiyar ya ce ya shiga ya yi bugu, mataimakansa su yi shiru su gyara. Ya sauka yana da shekara 87. A 1953 aka sa wa filin Shibe Park sunansa, bayan kakar 1954 aka sayar da ƙungiyar ta koma Kansas City. Ya rasu a Philadelphia ranar 8 ga Fabrairu 1956, yana da shekara 93.