Sikirif: rubutun umarni na gina manhaja, gwada ta da saita na'ura

Sikirif fayil ne na rubutu zalla mai ɗauke da umarni a jere, wanda kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya ba tare da mutum ya zauna yana danna maɓalli ba. Masu rubuta manhaja sun fi ɗora masa ayyuka uku: gini, wato mayar da kod ɗin da mutum ya rubuta ya zama manhajar da na'ura za ta iya tafiyarwa; gwaji; da saita na'urar da manhajar za ta zauna a kai. A Yamai, inda galibin masu wannan sana'a da Faransanci suka yi karatu, an fi jin sunan aikin da wannan harshe, otomatizasiyon.

Asali

Wani muhimmin tushen abin yana ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka, inda aka haifi Unix, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. A can ne Stuart Feldman ya rubuta Make a 1976, bayan wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da tuni ya gyara, ashe dai bai sake gina manhajar ba. Dabarar Make mai sauƙi ce. Mutum zai rubuta a cikin fayil mai suna Makefile cewa kaza daga kaza ake samar da shi, kuma ga umarnin da ake bi. Make sai ya duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ya sake gina abin da ya sauya kawai, sauran ya ƙyale su. Yana da wani tabo da ya shahara: dole layin umarni ya fara da alamar tab, wato gibin da maɓallin Tab ke sakawa, in aka sa tazara sai ya ƙi aiki. Feldman ya gane matsalar da wuri, amma ya bar ta don kada ya ɓata wa ƴan mutanen da suka riga suka fara amfani da shi. Har yau ɗalibai na tuntuɓe a wurin.

Harshen umarni na Stephen Bourne ya fito tare da Unix na 7 a 1979, wani harshen umarnin mai suna Bash na Brian Fox ya biyo a 1989, harshen Python kuma a 1991. Masu rubutu da harshen Java sun samu nasu kayan gini, Ant a 2000 da Maven a 2004.

Gwaji

Sikirif na gwaji yana ba wa ɓangaren manhaja wani abu, ya kwatanta amsar da ta fito da wadda ake sa rai. JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta a 1997, shi ya yaɗa wannan ɗabi'a. A Unix kowane umarni kan mayar da lamba idan ya gama: 0 na nufin lafiya lau, kowace lamba ban da ita na nufin an samu cikas. Da wannan ƴar lamba ce manhajojin da ke gini da gwaji da kansu, irin su Jenkins ko GitHub Actions, ke sanin ko su ci gaba ko su tsaya duk lokacin da wani ya turo sabon kod.

Gwajin da aka kwafo daga waje ba ya kama duk matsalolin gida. Manhajar da za ta riƙe sunayen ɗalibai a Tawa tana buƙatar a gwada ta da ƙ, ɗ, ɓ da kuma é na Faransanci. Akwai ma abin da ya fi wannan ɓuya: Nijar na rubuta ƴ, Najeriya kuma 'y, don haka wanda ya nemi "ƴaƴa" ba zai ga "'ya'ya" ba sai in an koya wa manhajar cewa abu ɗaya ne. Haka kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 2,5 a inda ta Ingilishi ke rubuta 2.5, kuma wannan waƙafi kaɗai ya isa ya rikita lissafi. Shi ya sa masu hankali ke ƙayyade harshen aiki tun a saman sikirif.

Saitin na'ura

Mark Burgess ya fara CFEngine, manhajar saita na'urori, a Oslo a 1993. Puppet ya zo a 2005, Ansible a 2012. Abin da ya bambanta irin su Puppet da Ansible da sikirif na gargajiya shi ne, ba a ce musu "yi kaza", ana bayyana musu halin da ake so na'ura ta kasance ne. In tana haka su bar ta, in ba haka ba su gyara. Ko sau goma aka tafiyar da su, sakamako ɗaya ne.

Wannan siffa ta fi daraja a inda wuta ba ta da tabbas. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 kuma ɗaukewar wuta ke yawaita, aiki na iya yankewa a tsakiya. Sikirif ɗin da aka tsara da kyau, sake tayar da shi kawai za a yi ya ƙarasa. Wanda aka rubuta da ganganci kuwa zai ƙara layin saiti a karo na biyu, ko ya tsaya yana ƙorafin cewa babban fayil ɗin (wato folda, ma'ajin wasu fayiloli) da yake son ƙirƙira yana nan tuni. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan farka da kwanan wata na bogi, kuma tunda da lokaci Make ke aiki, sai ya rikice. Tsadar intanet ma ta sa yana da kyau a ajiye kwafin kayan da ake saukowa a na'ura ɗaya cikin ofis, maimakon kowane gini ya sake jawo su daga Turai. Mai tsara aikin dare da cron, manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, kuma ya tuna cewa sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) da ke bin agogon duniya na UTC tana bayan Yamai da awa ɗaya.

Haɗari

Aikin hannu na da tsada. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an ɗora sabon kod a saba bakwai aka tsallake ta takwas. Amma sikirif ma ba ya da tausayi, domin yana aikata kuskure da saurin da yake aikata daidai. A farkon 2015 an gano wani layi a manhajar wasanni ta Steam da ke aiki a kan Linux, tsari ɗan uwan Unix, da ke share duk abin da ke cikin babban fayil ɗinta. Idan sunan wurin ya zo fanko, sai ya hau share fayilolin mai na'urar tun daga tushe. Domin kauce wa irin wannan, a Bash akan sa set -e don aiki ya tsaya a kuskuren farko, da set -u don ya ƙi amfani da sunan da ba a ba shi ƙima ba. Kalmar sirri kuma ba a rubuta ta cikin sikirif ɗin da za a ajiye a Git, ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin kowane sauyi, domin ko an goge ta daga baya tana nan a tarihin ma'ajiyar.