Shin allura ta fi ƙwayar magani ƙarfi?

An daɗe ana cewa allura ta fi ƙwaya aiki, har wasu 'yan uwanmu a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas kan ga kamar ba a kula da su ba idan suka fito daga asibiti ba a yi musu ita ba. Tunanin yana da tushe, domin masu ciwo mai tsanani aka fi gani ana yi wa allura.

Abin da aka sani shi ne, ƙwayar da aka haɗiya tana narkewa ta shiga jini ta hanji, kuma a yawancin cututtuka aikinta bai gaza na allura ba. Zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba, ƙwayoyi na kwana 3 ne maganinsa. Ana komawa ga allura idan majiyyaci yana amai, ko ya suma, ko ciwon ya tsananta, ko kuma maganin irin insulin ne na masu ciwon sukari, wanda ciki ke lalatawa.

Allurar da ba dole ba kasada ce. Sirinjin da aka maimaita yana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, kuma allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa jijiya ta raunana ƙafarsa.

Kowa yana iya bincikawa da kansa. A tambayi likita cikin ladabi ko akwai ƙwayar da za ta wadatar, a karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Idan allurar ta zama dole, a tabbata an yage ledar sabon sirinji a gaban ido.

Don Allah a tura wannan bayani ga dangi da maƙwabta.