Waiwaye: Tarihin Ingantaccen Harsashin Farautar Manyan Namun Dajin Afirka

A sansanonin farauta na kwarin kogin Zambezi da na kudancin Tanzaniya, idan aka kawo ɓauna wurin fiɗa, masu fiɗar sukan riƙa shafa fatar ɗaya gefen da tafin hannu har su ji wani ƙullutu a ƙarƙashinta. Nan za su tsaga su ciro ƙwayar harsashin, su wanke ta, su miƙa wa ƙwararren maharbin da ke jagorantar farautar. Shi kuma zai juya ta ya duba ko ta buɗe daidai, ko ta lanƙwashe, ko rigar ƙarfenta ta rabu da dalmar cikinta, wani lokaci ma ya ɗora ta a ma'auni don ya ga nauyin da ya rage. Mafi yawan abin da aka sani game da harsashin manyan namun daji daga irin wannan dubawa ya fito, kuma kusan kowane samfuri da ake kira ingantacce a yau an ƙirƙire shi ne saboda wani da ya riga shi ya gaza a jikin dabba.

Abin da ake magana a kansa shi ne ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga, ban da kwanson da albarushin da ke tura ta. Ana auna nauyinta da giren, kuma giren 300 daidai yake da giram 19 da 'yan kai. Abu biyu ake nema daga gare ta, waɗanda ba sa jituwa cikin sauƙi. Ana so ta buɗe ta yi faɗi domin raunin ya yi girma dabbar ta mutu da wuri, ana kuma so ta ratsa fata da tsoka da ƙashi har ta kai ga zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ta buɗe da yawa tsayawa take yi a hanya, wadda kuwa ba ta buɗe ba takan wuce ta bar ƙaramin rami, dabbar ta yi nisa kafin ta faɗi.

Maharban Turawa na ƙarni na 19 sun tunkari matsalar ne da girma kawai. Lokacin da Frederick Selous ya fara farautar giwa a ƙasar Matabele, cikin Zimbabuwe ta yau, a farkon shekarun 1870, bindigarsa irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, kuma ƙwayarta ɗaya ta kai rubu'in fam, wato kusan giram 113 na dalma. Shi da kansa ya rubuta cewa dukan da bindigar take yi masa a kafaɗa ya taɓa natsuwarsa wajen harbi. Samuel Baker yana da wadda ta fi wannan, mai harba rabin fam. Tun a wancan zamani sun lura cewa zallar dalma tana baje wa a jikin ƙashin giwa, saboda haka sukan gauraya ta da kuza ko zaiba don ta ƙara tauri.

Sauyi na gaske ya zo ne a shekarun 1880. A 1882 wani hafsan Switzalan, Eduard Rubin, ya fito da ƙwayar dalma mai rigar ƙarfe, sannan a 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Wannan albarushi yana tura ƙwaya da gudun da zallar dalma ba za ta jure ba, don haka rigar ta zama dole. Amma ƙwaya mai cikakkiyar riga ba ta buɗewa, shi ya sa a ma'adanar makamai ta Dum Dum kusa da Kalkata aka riƙa barin dalma a buɗe a kan hancinta. Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta haramta irin wannan ƙwaya a yaƙi, ta zama ta maharba. Daga nan harsashin farauta ya rabu gida biyu da har gobe ake bi: mai buɗewa da dunƙulalle, wato wanda ba ya buɗewa.

Cikin shekara goma sha biyar aka samar da akasarin harsasan da sunayensu suka zauna a Afirka. John Rigby ya fito da .450 Nitro Express (lambar faɗin ƙwayar ce da inci) a 1898, mai ƙwayar giren 480 da gudun kusan mita 655 a daƙiƙa. Da hukumomin Birtaniya suka hana shigar da harsashi mai faɗin .450 Indiya da Sudan, sai .470 ya maye gurbinsa. Otto Bock na Barlin ya ƙera 9.3x62 (faɗin ƙwaya da tsawon kwanso da milimita) a 1905 domin manoman da ke yankunan mulkin mallakar Jamus, .416 Rigby ya biyo baya a 1911, sannan .375 Holland & Holland a 1912.

A nan ne labarin W.D.M. Bell yake da muhimmanci, ko da yake an sha yi masa gurguwar fahimta. Bell, wanda ya samo laƙabinsa na Karamojo Bell daga yankin Karamoja na arewa maso gabashin Yuganda, ya kashe giwaye 1,011, kimanin 800 daga cikinsu da ƙaramar bindiga 7x57 mai dunƙulalliyar ƙwayar soja ta giren 173, abin da bai wuce giram 11 da ɗoriya ba. Masu son ƙananan bindigogi sukan kafa hujja da shi, alhali darasin da ke cikin aikinsa daban ne. Ƙwayarsa doguwa ce, tana da nauyi idan aka gwada da faɗinta, tana tafiya da matsakaicin gudu, kuma ba ta sauya siffa. Idan aka raba nauyin ƙwaya da faɗinta bisa lissafin da masana harkar ke yi, ta Bell takan ba da kusan 0.31, wato daidai da giren 300 na .375, yayin da giren 500 na .458 ke ba da 0.34. Har ila yau Bell ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take daga kowace kusurwa, kuma ya yi farauta a lokacin da ba a ƙayyade adadi ba. Abin da ya tabbatar shi ne cewa ƙwayar da ta riƙe siffarta ta tafi a miƙe ita ke kaiwa inda ake so.

Masu buɗewa na wancan zamani su ne suka fi ba da matsala. Ƙoƙon tagulla ne siriri da aka danna dalma a ciki, babu abin da ya haɗa su sai matsi. Idan irin wannan ƙwaya ta bugi allon kafaɗar ɓauna, rigar takan tsage, dalmar ta fice ta warwatse, a bar dabba da mummunan rauni a tsoka alhali zuciyarta lafiya lau. Ɓauna namiji kan kai kilo 800, fatarsa kauri gare ta, haƙarƙarinsa masu faɗi ne suna hawa kan juna, tumbinsa kuma cike yake da jiƙaƙƙiyar ciyawa wadda ke tsayar da ƙwaya kamar buhun yashi. Saboda haka ƙwararrun maharba da yawa suka daina yarda da mai buɗewa, suka koma harbin ɓauna da dunƙulalle tun daga harbin farko. Hakan ma yana da nasa aibu, domin ƙwayar kan fita ta ɗaya gefen ta raunata wata dabbar da ke bayanta a cikin garke.

Jamusawa sun riga kowa neman mafita da ƙwaya mai ɗaki biyu, irin H-Mantel na kamfanin RWS da TUG na Wilhelm Brenneke a shekarun 1930. Sai dai wanda aka fi jingina wa farkon ingantaccen harsashi Ba'amurke ne, John Nosler. A 1946 ya harbi wani ƙaton barewar arewa da ake kira moose a yankin British Columbia na Kanada, kafaɗarsa duk busasshen taɓo, ƙwayoyin .300 H&H suka tarwatse ba su shiga ba. A 1948 ya fara sayar da Partition, wadda ke da bangon tagulla a tsakiya: dalmar gaba ta buɗe ko ma ta zube, ta baya kuwa ta zauna a kulle ta ci gaba da turawa. Har yanzu ana yaba ta a kan zaki da damisa da manyan barewa, domin tana saurin buɗewa.

Shekarun 1950 da 1960 sun zo da wani cikas. Kamfanin Kynoch, wanda ke cika yawancin harsasan Ingila, ya janye daga sana'ar sannu a hankali, tsofaffin bindigogi masu baki biyu suka rasa abin harbawa. Winchester ya cike giɓin da .458 a 1956, amma kwansonsa gajere ne, albarushin a matse, kuma a zafin Afirka gudun kan gaza abin da aka rubuta a kwali. Ɓauna ya ji wa Jack Lott rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da wannan bindiga, abin da ya kai shi ga tsawaita kwanson ya fito da .458 Lott a 1971. A daidai wannan lokaci jami'an gandun daji da ke rage yawan giwaye a Wankie, wadda yanzu ake kira Hwange a Zimbabuwe, suka tara shaida mai yawa a kan dunƙulallun ƙwayoyi. Ƙoƙon kan giwa ƙashi ne mai ramuka kamar saƙar zuma, kuma ƙwaya mai siririyar riga takan lanƙwashe a cikinsa, ko gindinta ya matse dalma ta tsirto, ta kauce daga layin ƙwaƙwalwa. Ga mutumin da giwa ta taso masa, kaucewar taƙi ɗaya ta isa ta raba shi da ransa.

Maganin rabuwar riga da dalma shi ne a haɗe su kamar yadda maƙeri ke liƙa ƙarfe da ƙarfe. Bill Steigers na jihar Idaho ta Amurka ya fara yin haka a shekarun 1960 da ƙwayoyin Bitterroot, waɗanda yake ƙerawa kaɗan-kaɗan har samunsu ya zama wahala. A shekarun 1980 abin ya bazu. Jack Carter ya fito da Trophy Bonded Bear Claw mai dalma a gaba da zallar tagulla a baya, wadda kamfanin Federal ya karɓa daga baya. Lee Reed a jihar Kansas ya haɗa dabarar Nosler da ta liƙi ya samar da Swift A-Frame. A Ostareliya kamfanin Woodleigh ya riƙa ƙera Weldcore bisa siffar tsofaffin ƙwayoyin Kynoch, wanda hakan ya dawo da bindigogi masu baki biyu fagen aiki, tunda kowace an daidaita bakunanta ne da wani nauyi da gudu na musamman. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan buɗe kamar lema su riƙe kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, kuma su ne suka dawo wa maharba da yarda cewa ana iya fara harbin ɓauna da mai buɗewa.

Randy Brooks, wanda ya sayi kamfanin Barnes a 1974, ya bi wata hanyar: ya cire dalmar gaba ɗaya. Ƙwayar X ta 1989 zallar tagulla ce mai rami a hanci, tana buɗewa gida huɗu. Ta farko tana shafe cikin bututun bindiga da tagulla tana kuma ɗaga matsi, sai a 2003 aka yi mata zobba a jiki aka kira ta TSX, matsalar ta ragu sosai. Dunƙulallu ma sun bi wannan hanya, daga na kamfanin A-Square zuwa na GS Custom a Afirka ta Kudu, kuma a nan aka gano abin da ya saɓa wa tsohuwar fahimta, cewa ƙwaya mai shafaffen hanci ta fi mai zagayayyen hanci tafiya a miƙe cikin nama da ƙashi. A ganina wannan shi ne ci gaba mafi amfani ga maharbin giwa da dorina tun zamanin Bell. Sai dai tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, saboda haka ƙwayar kan fi tsawo, ta cinye wurin albarushi, kuma maƙeran bindiga da dama suna gargaɗi a kan harba masu tauri sosai a tsofaffin bindigogi masu baki biyu da siririn bututu.

Dokokin ƙasashe sun tsaya ne a kan faɗi da ƙarfi. Zimbabuwe tana buƙatar faɗin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 (jul ma'aunin ƙarfin bugun ƙwaya ne) don giwa da ɓauna da dorina, Namibiya tana neman jul 5,400 ga dabbobi masu haɗari, Tanzaniya kuma ta sa .375 a matsayin mafi ƙanƙanta. Ƙirar ƙwayar an bar ta ga maharbi da jagoransa, kuma a nan ne kalmar inganci kan ruɗi mutane, domin ingantacciyar ƙwayar ɓauna ba lallai ta dace da damisa ba. Damisa ba ta cika wuce kilo 70 ba, fatarta siririya ce, ƙwaya mai tauri za ta iya ratsa ta kafin ta gama buɗewa. Giwa kuwa dunƙulalle kaɗai ake yarda da shi a kanta. Ga ɓauna, tsarin da aka daɗe ana bi shi ne mai buɗewa a harbin farko, dunƙulallu a ƙarƙashinsa don harbin dabbar da ta juya baya, da sharaɗin an gwada su a filin gwaji an ga suna faɗawa wuri ɗaya. Yau wasu jagorori sun gamsu da a cika bindiga da A-Frame ko TSX kawai. Ni dai ina ganin wanda ya kamata a fi saurara shi ne jagoran, domin shi da masu bin sawu ne za su shiga sarƙaƙiya bayan dabbar da aka raunata, kuma masu bin sawun galibi ba sa riƙe da bindiga.

Sabon babin muhawarar ya fito ne daga wajen da'irar maharba. Ƙwayar dalma, ko da mai liƙi ce, takan bar ɓarɓashi a cikin nama da kayan cikin da ake bari a daji. Binciken da aka yi a Botswana ya samu dalma mai yawa a jinin ungulaye masu farin baya, musamman a lokacin farauta da yankunanta, kuma wannan jinsin ungulu yana cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Naman da ake samu a farauta kuma yawanci mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun ne ke cinsa. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019, kuma masu kare tsuntsaye a kudancin Afirka suna kira ga masu gandun daji da su koma wa tagulla, wadda Brooks ya ƙera tun asali don ta ratsa ƙashi ba tare da ta tarwatse ba.