Shirye-shiryen kiɗan Afirka na situdiyo a talabijin: tambayoyi da amsoshi

Wane irin shiri ne wannan, kuma me ya raba shi da gasar waƙa?

A gasa irin Project Fame ko Nigerian Idol akwai alƙalai, akwai wanda za a sallama, akwai kyauta a ƙarshe. Wannan kuwa babu ko ɗaya daga ciki. Mawaƙan da suka riga suka yi suna ake gayyata, a tara su a ɗaki ɗaya da makaɗa, su rera tsofaffin waƙoƙinsu da sabon kiɗa ko su haɗa wata sabuwa tare, kyamarori na ɗauka.

Daga ina abin ya faro?

Wanda ya fi shahara shi ne Coke Studio. Kamfanin Coca-Cola ya fara shi a Brazil a 2007, amma a Pakistan ya yi ƙarfi, daga 2008, a hannun mai tsara kiɗa Rohail Hyatt, wanda ya riƙa haɗa masu kiɗan gargajiya da na zamani. Na Afirka ya fara a 2013, ana ɗaukarsa a Nairobi ta ƙasar Kenya. A zangon farko an ga dattawa irin su King Sunny Ade da Salif Keita na Mali, ga kuma matasa irin su M.I Abaga da Waje da Diamond Platnumz na Tanzaniya. Daga baya aka riƙa gayyato baƙi daga Amurka: Wyclef Jean a 2014, Ne-Yo a 2015, Trey Songz a 2016.

Kai-tsaye ake nuna shi?

A'a. Ɗauka ake yi a tace kafin a watsa. Sai dai kiɗan na gaske ne, da hannu ake yin sa a wurin. Kafin ranar ɗauka, mai tsara kiɗa zai zauna da makaɗa su yi ta gwaji. Kowane abin kiɗa da makirufonsa, kuma ƙaramar na'urar sauraro da ake gani a kunnen kowa ita ke ba shi damar jin 'yan'uwansa don kada wani ya riga wani. Bayan an gama, injiniyan sauti ya daidaita ƙarfin kowace murya. Nan ne ake gane mawaƙin da ke da murya da wanda kwamfuta ce ke rufa masa asiri, domin gyara yana da iyaka idan mutum goma na kiɗa a bayanka.

To, da gaske yana raya kiɗan gargajiya?

Ya taɓuka, amma a ganina ana zuzuta wannan fiye da kima. Gaskiya ne matashin Legas da bai taɓa jin kora ba, wato molon nan mai tsirkiya 21 na al'ummomin Mande a Afirka ta Yamma, ko nyatiti, wani molo na ƙabilar Luo ta Kenya, zai iya cin karo da su a irin wannan shiri. Amma sau da yawa kayan gargajiyar ado ne kawai: su buɗe waƙa na 'yan daƙiƙoƙi, sai jita da gangunan Turawa su danne su. Dalili a fili yake. Mai ɗaukar nauyi kaya yake talla, matasan birni yake nema, saboda haka tauraron da ke tashe shi ke gaba, makaɗin gargajiya na bayansa. Sannan waƙar talabijin minti uku ce ko huɗu, alhali kiɗan fada ko na biki yakan ɗauki rabin sa'a kafin ma ya yi zafi.

Kiɗan Hausa zai shiga wannan tsari?

Sosai ma. Mamman Shata da kalangu da 'yan amshi ya yi zamaninsa, Ɗan Maraya Jos kuwa kuntigi kaɗai ya riƙe, kuma dukkansu a gaban jama'a suke waƙa ba tare da gyaran na'ura ba. Cikas ɗin yana wajen waƙoƙin yanzu, waɗanda galibi da fiyano da kwamfuta ake haɗa su, mutum ɗaya ya buga komai. Duk mai son shirya irin wannan a Kano ko Kaduna sai ya fara nemo masu goge da gurmi da algaita, ya biya su kuɗin gwaji na makonni, sannan ya sami injiniyan da ya san inda ake kafa wa kalangu makirufo.