Waiwaye: izinin wucin gadi da ya shekara 54 a cikin lemun kwalba

Mai da ruwa ba sa ga maciji da juna. Ka zuba ɗigon mai a kofin ruwa, nan take zai taso sama ya yi zobe. Wannan ita ce matsalar masu yin lemun kwalba mai ɗanɗanon lemun zaƙi ko na tsami, domin ƙamshin daga man ɓawon lemu ake tatso shi, man kuwa bai kai ruwa nauyi ba. In aka bar shi haka, kafin kwalba ta kai hannun mai saye man ya taru a wuyanta, abin da ke ƙasa ya zama ruwan sukari salam.

Dabarar da aka samo a Amurka tun wajajen 1931 ita ce BVO, wato man girki, galibi na waken soya, da aka haɗa da sinadarin bromin. Bromin ɗin yakan ƙara masa nauyi har ya fi ruwa. In aka gauraya shi da man lemu, sai nauyin su biyun ya zo daidai da na ruwa, ɗigon man ya tsaya a tsakiya, ba ya tasowa ba ya nutsewa.

Bayan dokar 1958 kan abubuwan da ake ƙara wa abinci, an lissafa BVO cikin waɗanda aka ɗauka ba su da illa. Ba a daɗe ba gwaje-gwaje a kan ɓeraye suka fara tayar da hankali, musamman abin da aka gani a zuciyarsu. A 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta cire shi daga wannan jeri. Sai dai ba ta hana shi ba. Ta ba shi izinin wucin gadi, da sharaɗin kada ya wuce kashi 15 cikin miliyan a abin sha, kafin a kammala bincike.

A nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Birtaniya ta hana shi a 1970 ɗin nan, Indiya ta bi sahu a 1990, Japan a 2010, Tarayyar Turai ma ba ta yarda da shi ba. A Amurka kuwa wucin gadin ya zama zaman dirshan, yara suna ta sha, binciken da aka ce ana jira bai iso ba.

Illar bromin ba sabon labari ba ce ga likitoci: yana taruwa a jiki, musamman a kitse, kuma ba ya saurin fita. A 1997 an wallafa rahoton wani mutum da yake shan lita 2 zuwa 4 na lemu mai BVO kullum. Ya fara da ciwon kai da kasala, sai mantuwa, har tafiya ta gagare shi. Sai da aka yi masa wankin jini kafin ya dawo hayyacinsa. Gaskiya ne shansa ya wuce kima, amma ya nuna abin da sinadarin yake iya yi.

Abin da ya motsa kamfanoni ba daga hukuma ya fito ba. A 2012 wata yarinya 'yar shekara 15 a jihar Misisipi ta juya kwalbar Gatorade, wani abin sha na 'yan wasanni da kamfanin PepsiCo ke yi, ta karanta abubuwan da aka lissafa a bayanta, ta binciki sunan da ba ta gane ba, sannan ta buɗe takardar koke a intanet. Mutum fiye da 200,000 suka sa hannu. A farkon 2013 PepsiCo ya ce zai cire BVO daga Gatorade, a 2014 Coca-Cola ya yi alkawarin cire shi daga kayansa.

Hukuma ta biyo baya a hankali. Binciken da FDA ta yi tare da cibiyoyin lafiya na ƙasar, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna BVO yana taɓa ƙululun maƙogwaron ɓeraye, wanda ke daidaita yadda jiki ke sarrafa abinci. A Oktoba 2023 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a dokar da ta hana shi tare da wasu sinadarai uku daga 2027. Wata guda bayan haka FDA ta gabatar da ƙudurin soke izinin, ta tabbatar da shi a Yulin 2024, ya fara aiki ranar 2 ga Agusta, aka ba kamfanoni shekara guda su sauya haɗinsu. Kanada ma ta hana shi a 2024 ɗin.

Kafin lokacin, yawancin manyan kamfanoni sun riga sun koma ga wasu sinadarai masu yin aiki iri ɗaya, ciki har da wanda ake samu daga ƙaron itacen fayin. Kwalaben da dokar ta tarar da BVO a cikinsu kaɗan ne suka rage.