Chamonix a Lokacin Hutun Hunturu

Chamonix, wanda Faransawa ke furtawa "Shamoni", gari ne a lardin Haute-Savoie da ke gabashin Faransa. Yana gindin Mont Blanc, dutse mafi tsayi a jerin tsaunukan Alps, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 4,800. Garin na kwance cikin kwarin kogin Arve, kimanin mita 1,035 sama da teku, dab da mahaɗar iyakokin Faransa da Italiya da Suwizalan. Mazaunansa ba su kai 10,000 ba, amma a makon Kirsimeti da hutun makarantu na Fabrairu baƙi kan ninka 'yan gari sau da dama. Abin da ke kawo su shi ne wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙarƙashin takalmansa, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro daga dutse. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko, daga 25 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu, 1924.

Filayen zamiya

Filayen Chamonix ba a haɗe suke wuri guda ba. A warwatse suke a tsawon kwarin, bas da jirgin ƙasa ke sada su, abin da kan ba sabon zuwa haushi. Brévent da Flégère suna kallon kudu, rana na dukan su wuni guda. Grands Montets, saman ƙauyen Argentière, yana kallon arewa, shi ya sa dusarsa kan kai farkon watan Mayu. Balme da ke Le Tour gangarensa mai sauƙi ne, Les Houches kuwa cikin dajin itatuwa yake, can ake fakewa ranar da hazo ya rufe sama. Kowace hanya da launinta gwargwadon wuyarta: kore ta masu koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙa ta gwanaye.

Yanayin dusar ƙanƙara

Tsayin wuri da inda gangare ya fuskanta su ne kan gaba wajen yanke ingancin dusa. Duk hawan mita 100, zafi kan ragu da kusan digiri 0.6, saboda haka ana iya sheƙa ruwan sama a cikin gari alhali dusa na zuba a mita 2,000. Abin da mai zamiya ke fara nema a hasashen hukumar yanayi ta Météo-France ke nan: a wane tsayi ruwa zai koma dusa.

Sabuwar dusa busasshiya, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, ita 'yan wasa ke kira "poudreuse", kuma dominta ake sammako. Iska ce ta fi yawa a cikinta. Santimita 10 nata in ta narke ba ta cika wuce santimita 1 na ruwa ba. Ba ta daɗewa. A ranar cunkoso, kafin hantsi ƙafafu sun tattake ta, gangare masu tsauri sun cika da tuddai. Inda rana ta narkar da ita da yamma, dare ya sake daskarar da ita, da safe sai a tarar da ƙanƙara mai sulɓi wadda allo ba ya kamawa. A ƙarshen lokacin zamiya kuma, bayan azahar, takan jiƙe ta yi nauyi, har suna ce mata "soupe", wato miya. Ga kuma iskar foehn, mai ɗumi da bushewa, da ke sauka daga ɓangaren Italiya: tana iya lashe dusar mako cikin kwana ɗaya, ta tilasta tsayar da na'urorin ɗaukar mutane.

Lokacin da jama'a suka fi yawa ba shi ne lokacin da dusa ta fi kyau ba. A ƙarshen Disamba ranaku gajeru ne, dusa ba ta gama taruwa ba, duwatsu na leƙowa. A Sabuwar Shekarar 2023 ɗumi da ruwan sama sun sa wuraren zamiya da yawa na ƙasa-ƙasa a Faransa sun rufe hanyoyinsu, baƙi suka yi ta tururuwa zuwa masu tsayi. Wanda ba shi da 'ya'ya a makaranta, tsakiyar Janairu ko Maris sun fi masa.

Don cike giɓi ana fesa dusar inji, ruwa da iska mai ƙarfi ta bakin bututu, amma sai sanyi ya sauka kamar digiri 2 ƙasa da sifili. Da dare manyan motoci masu sarƙa suna hawa su baje hanyoyin, daga gari ana hango fitilunsu suna rarrafe a jikin dutse.

Cunkoson hutu

Hutun Kirsimeti na mako biyu duk makarantun Faransa tare suke yin sa. Na Fabrairu an raba ƙasar shiyya uku, A da B da C, ana sakin su bi da bi, don kada kowa ya afka wa duwatsu lokaci guda. Wannan ya shimfiɗa cunkoson zuwa kusan wata guda, ga kuma Turawan Ingila da nasu hutun ya faɗo a tsakiyar watan. Galibin gidajen haya daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa, masu fita da masu shiga su haɗu a titi ɗaya. Hukumar Bison Futé mai hasashen zirga-zirga takan sa wa irin waɗannan Asabar alamar ja ko baƙa. Tun 2021 doka ta wajabta tayar hunturu ko sarƙar taya a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Da safe a gindin fili za a ga malaman makarantar koyar da zamiya ta ESF cikin jajayen kaya, kowanne da jerin yara masu hular kwano biye da shi kamar 'yan tsaki. Ƙarshen mako a yi musu jarrabawa, a maƙala musu lambar tauraro a ƙirji.

Haɗari

Ana auna haɗarin zaftarewar dusa da ma'aunin Turai mai mataki 5. Abin lura shi ne kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, domin a 4 da 5 mutane na jin tsoro su zauna, a 3 kuwa rana ta fito, sabuwar dusa na kira. Kafin buɗe hanyoyi ma'aikata kan tayar da nakiya su zubo da dusar da ke rataye. Masu fita wajen hanya kan ɗauki na'urar gano wanda aka binne, da shebur, da sandar bincike, saboda bayan minti 15 na farko damar tono mutum da rai tana raguwa da sauri. Jandarmomin ceto na PGHM, da aka kafa a garin a 1958, su ke zuwa da helikwafta. Gidaje ma ba su tsira ba: ranar 9 ga Fabrairu, 1999, dusa ta zaftaro kan ƙauyen Montroc ta kashe mutum 12.

Vallée Blanche

Gangaren da ya fi suna shi ne Vallée Blanche, mai tsawon kusan kilomita 20, ba alama ba gyara. Ana hawa akwatin da ke rataye a kebul, wanda aka buɗe a 1955, zuwa dutsen Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842. Daga nan a sauko da ƙafa ta kan siririn doron dusa, hannu riƙe da igiya, alluna goye a baya, rami dama da hagu. Sauran tafiyar a kan kogin ƙanƙara ne mai tsagogi da dusa ta lulluɓe, don haka akan ɗauki jagora. Ƙungiyar jagororin garin tun 1821 take. Hanyar na ƙarewa a kogin ƙanƙara na Mer de Glace, wanda ya zaizaye har sai da masu zamiya suka riƙa hawa matakala sama da 500 kafin su isa na'urar da ke kai su tashar jirgin ƙasa ta Montenvers. A 2024 aka buɗe sabuwar na'ura can gaba, inda ƙanƙarar ta ja da baya.