Aikin dare da kitsen jini: tambayoyin da masu duti suka fi yi

Wai da gaske ne aikin dare yana ƙara kitse a jini?

Eh, akwai alaƙa. Binciken da aka yi kan nas-nas da ma'aikatan masana'antu ya sha nuna masu aikin karɓa-karɓa, musamman na dare, sun fi samun hauhawar kitsen da ake kira tiraigilisarayid, kuma kolestarol mai kyau, wato HDL, yakan ragu. Ba kowa ba ne fa, amma haɗarin ya fi yawa.

To me ya haɗa bacci da kitse?

Jiki yana da agogonsa, wanda ma binciken yadda yake aiki ne ya ba wasu Amurkawa 3 kyautar Nobel a 2017. Hanta ta fi ƙera kolestarol da daddare, shi ya sa likita zai ce a sha simvastatin, maganin rage kolestarol, da dare. Kuma da dare jiki baya saurin kwashe kitse da suga daga jini, don haka indomin da ka ci ƙarfe 2 na dare da ƙwai biyu da shayi mai kauri wajen mai shayin bakin get, kitsensa zai fi daɗewa yana yawo a jini fiye da in da rana ka ci, ga rashin bacci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, sai lemon kwalba ya biyo baya. Ni a ganina wannan cin tsakar daren shi ne babban abin.

Ni siriri ne, ya shafe ni?

Sosai. Yawanci kitsen jini ba ya ciwo, ba ya nunawa a fuska.

Sai in bar aikin kenan?

Haba, a wannan tsadar? A'a. Ka ci mai nauyi kafin ka shiga duti, cikin dare ka tsaya kan ruwa, gyaɗa kaɗan ko 'ya'yan itace. In ka sauka ka rufe ɗaki ya yi duhu, waya a kashe, ka samu awa 7 ko da a rarrabe.

Gwaji fa?

Ka nemi gwajin kitsen jini a lab. Ana son tiraigilisarayid ƙasa da 150 mg/dL, jimillar kolestarol ƙasa da 200. In an ce ka zo ba ka ci komai ba, awa 9 zuwa 12 ake nufi, kar ka sha shayi da asuba a wurin aiki sannan ka wuce a ɗebi jini.